Daga Goronyo Zuwa Famfon Sakkwato

Kaso mai yawa na ruwan famfon birnin Sakkwato daga Kogin Rima ake jawo shi, da rani kuwa madatsar ruwa ta Goronyo ce ke sako wa kogin ruwa. A 2018 ruwan madatsar ya ja baya matuƙa, hankalin mutanen gari ya tashi.

Ƙarancin ruwan sama ya taka rawa, amma mu ma da hannunmu. Sare itatuwan gaɓar kogi na sa ƙasa ta zaizaye, yashi ya cike madatsa. Sharar da ake zubawa a kwata kuwa, ruwan sama ke kwashe ta zuwa kogin da muke sha. Wajibi ne limamai, masu unguwanni da malaman makarantu su dinga faɗakarwa, matasa kuma su yashe magudanai kafin damina ta faɗi.