AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Mece Ce Ma'anar "Wai" A Bakin Mai Sayarwa?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi na wajen Bomo. Ya ce ya sayi irin masara a kasuwar Sabon Gari, mai kaya ya gaya masa "wai irin Samaru ne." Ya shuka, rabi bai fito ba. Da ya koma, sai mai kaya ya ce, "Ai ni ban ce ba, cewa na yi wai." Malam yana tambaya, shin wannan magana tana da kama?

To Malam, ka yi haƙuri, amma a Hausance tana da kama. Duk wanda ya sa "wai" a gaban zance, ya nuna ji ya yi, bai gani ba, kuma bai ɗauki nauyin zancen ba. In na ce "taki ya sauka," magana tawa ce, ana iya kama ni da ita. In na ce "wai taki ya sauka," na zare hannuna, na bar ka da wani mutum da ba ka sani ba, mai yiwuwa ni ma ban san shi ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne, kalmar ba fuska ɗaya gare ta ba. Mai bin bashi in ya ce, "Wai ina kuɗina ne?" ba jita-jita yake yi ba, ƙarfafa magana yake yi, ransa ya soma ɓaci. In aka ce "wane wai shi dillali," raini ne. In ka ji tsadar buhu ka ce "Wai!" mamaki ne. Saboda haka kunne ya saba da ita, har takan wuce ba a lura ba, musamman ana tsakiyar ciniki.

Ba mu kaɗai ke da irinta ba. A harshen Pali, tsohon harshen ƙasar Indiya da aka rubuta littattafan addinin Buddha da shi, akwai kalmar "kira." Wani wuri tana nufin "haka aka ce," wani wuri kuma "lalle kuwa." Mu ma "ƙila" da muke faɗi daga Larabci ta zo, asalinta "an ce." Shi ya sa malamai ke kiran tsegumi ƙila-wa-ƙala.

Mu koma kan iri. Tashar binciken aikin gona ta Samaru tun 1922 take, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin da take fitarwa yana da suna da lamba: masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA, auduga SAMCOT. Don haka "irin Samaru" kawai ba suna ba ne. Wanda ya ce maka haka, tambaye shi, "Wanne daga ciki? Lamba nawa? In ji wa?" Ka duba ko jakar a rufe take, da takardar shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa a jikinta. Irin da aka zazzage a kwano ana aunawa da tiya, ni dai ba na amincewa da shi, ko da an shafa masa jan magani.

Sannan ka sa shi ya maimaita maganarsa ba "wai," a gaban mutum biyu, ko ya rubuta a rasit. In ya ƙi, ka san inda ya tsaya.

Kafin shuka kuma, ƙirga ƙwaya 100, ka jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 80 ba, mayar da kayan tun damina ba ta yi nisa ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.