Wuridin Kyanwa

Bahaushe bai taɓa tsayar da magana ɗaya a kan kyanwa ba. In zai siffanta mutumin da ba ya cutar kowa, ba ya kuma tsinana wa kowa komai, sai ya ce kyanwar Lami, ba kya cizo ba kya yaƙushi. Da ya juya kuma sai ka ji yana cewa mage mai kwanciyar ɗaukar rai, wato mai lumshe ido da lafewa har sai ɓera ya saki jiki. Mijinta ne ya fi shan baki: baƙin jinin muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Ko tubansa ma ba a karɓa, don da an ga mutum ya yi rantsuwa ya koma ruwa sai a ce ya yi tuban muzuru.

Ni dai ina ganin an yi wa muzuru rashin adalci a lissafi. Ɗan tsako ɗaya da ya sura, unguwa duka sai ta ji labari kafin azahar. Ɓerayen da ya kashe a bayan rumbu tun daga kaka har bazara kuwa babu mai ƙirga su, domin aikin dare ne, kuma ɓera ba shi da uwargijiyar da za ta fito ƙofar gida tana salati. Gari irin Jega bai kamata ya manta da wannan bashin ba. Tun da Buhari ɗan Abdussalam ya kafa garin a bakin Gulbin Zamfara a farkon ƙarni na 19, kasuwa ce ta raya shi, kuma inda aka tara gero da dawa da shinkafa da busasshen kifi, ɓera ba ya jiran gayyata. Haka ma zaman kyanwa da mutum ya faro tun asali. Kyanwar gida jikanyar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta biyo ɓera zuwa rumbunan manoman farko. Babu wanda ya ɗaure ta da igiya ya jawo ta. Ita ta ga wurin ya yi mata ta zauna, kuma har yau da wannan taƙamar take shiga ɗaki.

Addini ya ba ta gatan da bai ba dabbobin gida da yawa ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Abu Ƙatada, da aka zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi, sannan ya yi alwalarsa da sauran. Da matar ɗansa Kabsha ta yi mamaki, ya gaya mata Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninmu. Bukhari da Muslim sun kawo matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, da 'yar kyanwarsa aka yi masa laƙabi: Abu Huraira. Labarin nan da ake yawo da shi a waya, wai Annabi ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi kyanwa daga barci, shi ne ban yarda da shi ba, don malaman hadisi ba su same shi a littattafai ingantattu ba. Abin da ya tabbata ya ishe ta ado.

Amma maganar da ta fi daɗe a raina ita ce ta gurnani, wannan gur-gur da kyanwa ke yi in ta kwanta a jikin mutum. Kakata cewa take yi wuridi ne. In kyanwa ta hau buzunta ta fara, ba ta yarda ko yaro ya yi tari mai ƙarfi, wai kada a katse wa baiwar Allah zikiri. Na girma na tarar tsofaffi da dama a Jega da ƙauyukan Maiyama a kan haka suke. Wani abokina, malamin makaranta mai son gardama, kullum muka zauna bayan la'asar sai ya ce camfi ne, jin daɗi kawai take yi, ƙoshi ne da ɗumin jiki.

Bari mu ba shi haƙƙinsa tukuna. Sautin daga maƙogwaro yake fitowa, yana kaɗawa sau 25 zuwa 30 a daƙiƙa ɗaya. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya sun gwada maƙogwaron kyanwoyin da suka riga suka mutu, suka hura iska ta ciki, sai ga sautin ya fito ba tare da umarnin ƙwaƙwalwa ba. Sun gano wasu 'yan ƙulli masu taushi a cikin tantanin murya, su ne ke ba ƙaramar dabba damar fitar da sauti mai kauri haka. Tun a 2009 ma wasu a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna cewa in kyanwa tana neman abinci, takan saƙa wani siririn kuka a cikin gurnanin, mai kama da kukan jariri, wanda kunnen mutum ba ya iya sharewa. Da abokina ya ji wannan har da tafa hannu: to ga wuridin naku, ashe bara ce. Na ce masa ai wannan bai rushe komai ba, ko almajiri ma da sunan Allah yake buɗe baki a ƙofar gida, kuma ba a ce don ya riƙe ƙoƙo sunan ya zama na wasa ba.

Inda hujjarsa ta karye shi ne batun jin daɗi. Kyanwa takan yi gurnani tana naƙuda. Takan yi in ta ji mummunan rauni, takan yi tana gab da mutuwa. Likitocin dabbobi sun san haka sarai. 'Ya'yanta, da ake haifa bayan ciki na kwana 63 zuwa 65, makafi ne kurame a kwanakin farko, kuma kaɗawar jikin uwa ce ke nuna masu hanyar nono. Su ma cikin 'yan kwanaki sai su fara mayar mata da amsa baki na kan mama. Ga wani abin kuma: ba ta yankewa. Iska na shiga tana yi, iska na fita tana yi. To abin da ake yi a daɗi a yi a wuya, a yi ranar haihuwa a yi ranar mutuwa, numfashi ya shiga da shi ya fita da shi, in tsohuwa ta kira shi wuridi, ina laifinta? Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya riga ya gaya mana babu wani abu face yana tasbihi, mu ne ba mu fahimtar tasbihin nasu. Masu bincike sun gaya mana da wane nama ake yin sautin, na gode masu. Abin da ake cewa a cikinsa ba a maƙogwaro ake gano shi ba. Abokina ya ce in haka ne ai kukan jaki ma tasbihi ne. Na ce ƙwarai, sai dai jaki bai iya tajwidi ba.

Akwai camfin da ba zan tsaya masa haka ba. Ana cewa bayan kyanwa ba ya taɓa ƙasa, kuma tana da rai tara. Gaskiya ne tana juyawa a iska: kai ya fara, gaba ya bi, sannan ƙugu, kuma tun tana 'yar mako 7 ta gama koyon haka. Wani Bafaranshe mai suna Marey ya ɗauki hotunan wannan juyi tun 1894. Yara na cewa shi ya sa ba a taɓa ganin kyanwa a layin masu ɗori na Aliero ba, garin da ake kawo karaya daga nesa. Amma na ga wadda ta faɗo daga katanga ta ƙare rayuwarta da ɗingishi. Rai ɗaya gare ta, kuma mai saurin fita. Albasar nan da Aliero ke loda wa manyan motoci zuwa kudu, guba ce a jikin kyanwa, ita da tafarnuwa, ɗanya ko dafaffiya, don tana farfasa mata jajayen ƙwayoyin jini. Mai kankare mata sauran miyar albasa kullum, da sunan tausayi, yana rage mata kwana bai sani ba. Ƙwayar farasitamol ɗaya tak tana iya kashe ta. Sai kuma babban makashinta a garuruwanmu, maganin ɓera.

Shi ne ya ci tawa. 'Yar Toka jikokina suka sa mata, su ne ma suka kawo ta daga Maiyama a cikin kwali tana 'yar mitsitsiya, a wani hutu, suka ce ta zauna wurin Kaka don gidansu an hana. Ta tsufa a gidana. Ba ta san agogo ba, amma ban taɓa riganta tashi asuba ba. Kafin ladan ya gyara murya tana bakin buta. In na shimfiɗa buzu ita ce a gefen hagu. Wani maƙwabci ya zuba magani a ɗakin ajiyarsa, ɓeran da ya ci ya fito yana tangaɗi, ita kuma ta ga banza ta faɗi. Ban riƙe shi a rai ba, hatsinsa yake karewa. Da na ɗauke ta a tsakar gida jikinta ya saki, amma hannuna yana jin gur-gur ɗin nan a ƙirjinta, a hankali, har ya tsaya.

Lokacin hutu ne, yaran suna nan. Babban cikinsu ya shige bayan ɗaki yana sheshsheƙa, uban ya daka masa tsawa: "Kai, tashi nan! Namiji da kukan mussa?" Na ce masa ya bar yaro. Abin da ya sa Allah ya yi kaka ke nan. Uba yana tsoron kada ɗa ya tashi rago, don haka kullum hannunsa na kan linzami. Kaka ya riga ya yi wannan tsoron ya gama, ya ga 'ya'yan sun girma duk da kurakuransa, sai ya samu sararin zama a ƙasa kusa da mai kuka. Kuma ina da madogara. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya shigo ya ga yaron a takure, ya tambayi dalili, sannan ya kira shi da alkunya irin ta manya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Shugaban al'umma guda bai ga mutuwar tsuntsun yaro ta yi ƙanƙantar da za a wuce ta ba.

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Ban san maganar da ta fi wannan gaskiya ba. Hawaye ba ya tambayar darajar mamaci, abin da ya sani shi ne jiya akwai wani a gefen buzu yau babu. Kuma ba mu muka fara ba. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka tarar da mutum, ga kyanwa an binne dab da shi. Herodotus na Girka ya rubuta cewa Misirawan dā in kyanwar gida ta mutu, mutanen gidan aske gira suke yi. Mu ba mu kai can ba, addini bai bar mu ba. Rami muka haƙa a gindin dalbejiya, na naɗe ta a tsohon ƙyalle, yaran suka tura ƙasa. Babu salla, babu zaman makoki, amma na ce su yi Inna lillahi, don ita ma daga gare Shi take.

Da dare ƙaramar, wadda nake kira amaryata, ta zo ta zauna a ƙafata. "Kaka, mussa tana shiga Aljanna?" Ban so in yi mata ƙarya ba, ban kuma so in rufe mata ƙofar da Allah bai rufe ba. Abin da malamai suka karantar shi ne za a tada dabbobi ranar ƙiyama a yi masu sakayya a tsakaninsu, har tunkiya marar ƙaho ta rama a kan mai ƙaho, sannan su koma turɓaya. Babu hisabi a kansu, babu wuta. Amma Alƙur'ani ya kuma yi alkawarin cewa 'yan Aljanna suna da duk abin da ransu ya so. Tirmizi ya kawo mutumin da ya tambayi Annabi ko akwai dawaki a can, don shi mai son doki ne, kuma ba a kore shi da tambayarsa ba. Sai na ce mata: "Ke dai ki yi ƙoƙari ki shiga. In kin shiga ki roƙa, Wanda Ya yi ta da fari ba Ya rasa yadda zai yi." Ta yi shiru tana lissafi, ta ce to ɓeran fa? Na ce shi ma ba shi da laifi, in ɓera da sata daddawa ma da wari, amma ba dole ba ne ta roƙo shi.

Kwana biyu aka yi ana jimami, a na uku sai ga su sun zo mini da ƙara. Wai tunda 'Yar Toka ta tsufa kafin ta mutu, kuma su ne jikokin gidan, a daka masu gumba. Kakarsu ta ce ba ta taɓa jin an yi wa mussa gumba ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Na shiga tsakani na sayo gero, aka daka, suka sha har da neman ƙari. Babban, da ya share baki, ya dube ni ya ce in kwantar da hankalina, ranar tawa ma za su yi kuka sosai kafin su sha, amma in bar wasiyya a sa zuma, don wannan ba ta ji sukari ba. Na ce masa ya ci gaba da jira. Wata mai zuwa za a kawo mini wata 'yar kyanwa daga Maiyama, kuma na yi niyyar in ga tsufanta.