Muryoyin Jabu Sun Shigo Wayoyin Jama'a

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To, amma zamani ya zo da abin da ke neman rushe wannan magana, watau ƙirƙirarriyar basira. A yau ana iya ɗura wa kwamfuta hotunan mutum da maganganunsa har ta naƙalci kamanninsa da muryarsa, sa'an nan a sa ta fito da shi yana faɗin abin da bai taɓa faɗi ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2022 an baza bidiyon jabu na Shugaba Zelensky na Yukiren yana umurtar sojojinsa su ajiye makamai. A nan Nijeriya kuwa, ana jajiberin zaɓen 2023 aka watsa wata murya, wai Alhaji Atiku Abubakar ne da abokan tafiyarsa ke ƙulla maguɗi. Masu binciken labarai suka auna ta, suka ce haɗe-haɗe ce kawai.

Ga birni irin Bauchi, abin tsoron ya fi ƙarfi ta wajen murya. Daga Kasuwar Wunti zuwa ta Muda Lawal, jama'a sun saba sauraron wa'azin malamai da jawaban shugabanni ta WhatsApp, galibi ba su tambayar inda saƙon ya fito. Idan wani maƙetaci ya ari muryar malami ko basarake ya zagi wani ɓangare, kafin a ƙaryata an riga an yi ɓarna.

Hukuma ba ta zauna kawai ba. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai doka takan iso ne bayan wuta ta kama. Saboda haka ya kamata Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da gidajen rediyon jihar su tashi tsaye wajen wayar da kan jama'a da harshen da suke ji.

Kai kuma mai karatu, duk saƙon da ya tayar maka da hankali, dakata tukuna. Dubi ko leɓe ya dace da furuci, nemi labarin a wata kafa da ka amince da ita. In ba ka same shi ba, kada ka tura wa kowa. Zaɓen 2027 na tafe, rigakafi kuwa ya fi magani.