Bamban Ƙarfe ko Bamban Roba: Wanne Ya Fi Kare Mota da Mutum?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin direbobi a Tashar Kawo, da kuma makanikai da masu walda a tsohuwar Kasuwar Fanteka da ke cikin garin Kaduna. Wani ɓangare na ganin cewa motocin da, irin su Peugeot 404 da 504 waɗanda aka fi sani da Fijo, su ne motoci na ƙwarai, domin bambansu ƙarfe ne mai walƙiya wanda ba ya jin bugu. A wajen waɗannan mutane da tsohuwar zuma ake magani, bamban roba na motocin yanzu kuwa ha'inci ne kawai na masu ƙera mota. Ɗaya ɓangaren yana ganin cewa da ƙarfen ya fi, da kamfanonin duniya ba su taru sun bar shi ba. Wannan muhawara ba ta ado ba ce kurum, domin amsarta ta shafi aljihun mai mota da kuma ran wanda ke tsallaka titi.

Garin Kaduna yana da dalilin riƙe wannan zance. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, a kudancin kogi, kuma daga can ne 504 ta bazu har ta zama motar ma'aikatan gwamnati da ta 'yan haya. An daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har zuwa 2006. Kafin nan masana'antar ta riga ta fara harhaɗa 406 mai bamban roba, don haka makanikan garin sun san nau'ukan biyu ciki da bai.

Yadda roba ta ture ƙarfe

Asalin canjin yana ƙasar Amurka. A farkon shekarun 1970 kamfanonin inshora na ƙasar sun yi ta koke kan kuɗin da suke biya wajen gyaran motocin da suka yi ɗan ƙaramin karo. Sai gwamnati ta kafa doka cewa daga motocin shekarar 1973, dole gaban mota ya iya jure karo a gudun mil 5 a awa, wato kimanin kilomita 8, ba tare da fitilu ko tankin mai sun lalace ba. Daga 1974 aka ɗora wa bayan mota wannan sharaɗi shi ma. Dokar ta kuma ƙayyade tsayin bamba daga ƙasa, domin idan motoci biyu suka haɗu, bamba ya daki bamba.

Ɗaya daga cikin motocin da wannan doka ta fi sauya wa kamanni ita ce MGB, wata ƙaramar motar shaƙatawa mai kujera biyu da kamfanin MG ya ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. An yi kimanin rabin miliyan nata, kuma mafi yawansu Amurka aka kai, saboda haka ba yadda kamfanin zai yi sai ya bi doka. A ƙarshen 1974 aka cire siririn bambanta mai ƙyalli, aka sanya wani ƙato baƙi na roba mai ƙarfe a ciki, aka kuma ɗaga motar sama domin ta kai tsayin da aka shar'anta. Nauyi ya ƙaru a gaba da baya, motar ta riƙa karkata a kwana fiye da da, sai daga baya aka gyara mata ƙafa. Har gobe masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun kasu biyu a kanta. Mai bamban ƙarfe ta fi tsada a kasuwa, har wasu kan sayi mai roba su kwance su mayar mata da na ƙarfe. Masu son mai roba kuwa suna kafa hujja da arha da kuma jure gogayyar cikin gari.

A Faransa ma, tun a 1972 motar Renault 5 ta fito da bamban roba ba tare da wata doka ta tilasta ba. Amurka ta sassauta dokarta a 1982, ta mayar da gudun gwajin rabi, amma roba ta riga ta zauna daram.

Mene ne wannan ƙyalli?

Abin da ake kira kurom wani sinadari ne daga dangin ƙarafa, wanda masanin Faransa Louis Vauquelin ya gano a 1797. Ba a yin bamba da zallarsa. Ainihin bamban baƙin ƙarfe ne, sai a tsoma shi cikin ruwan sinadari a saki wutar lantarki, wutar ta riƙa ɗauko ƙwayoyin wani ƙarfe daga ruwan tana liƙa su a jikinsa. Akan fara da tagulla, a bi da nikel, sa'annan a rufe da kurom. Wannan rufi na ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wato silin gashin kan mutum ya fi shi kauri sau ɗari ko fiye. An fara wannan sana'a a masana'antu a shekarun 1920.

Sirrin kurom shi ne, da zarar ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wa kansa wata 'yar fata da ido ba ya gani, wadda ke hana tsatsa shiga. Amma idan tsakuwa ta huda rufin, ruwan damina ya sami hanya zuwa baƙin ƙarfen da ke ƙasa, tsatsa za ta ci daga ciki, rufin ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Akwai wata dabara ta biyu, wato a narka kurom ɗin a cikin ƙarfen tun farko, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Wannan shi ne ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield a 1913. Da irinsa kamfanin Peugeot ya saba yin bamban 404 da 504, kuma shi ne dalilin da ya sa akan ga tsohuwar Fijo jikinta duk ya ruɓe amma bambanta na nan yana sheƙi. A nan masu yabon motocin da suna da gaskiya.

Sai dai ƙyallin yana da nasa farashi. Ruwan sinadarin da aka saba amfani da shi wajen shafa kurom guba ne mai haddasa cutar daji ga ma'aikatan da ke shaƙar tururinsa, kuma yana gurɓata ruwan sha idan aka zubar da shi barkatai. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa masana'antu suka ja baya da shi.

Ita kuma roba fa?

Kalmar roba a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa. Abin da aka rufe bamban MGB da shi ba ƙaron itacen roba ba ne, wani sinadari ne mai suna foliyuretan, wanda Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937. Yawancin motocin yanzu kuwa da folifurofilin ake yin nasu, dangin abin da ake yin kujerun roba da bokiti, wanda Giulio Natta na Italiya ya samar a 1954. Dukansu daga man fetur ake samo su. Ƙwayoyinsu dogaye ne kamar zare, a cukurkuɗe da juna, don haka idan aka danna su sai su miƙe, idan aka saki su koma yadda suke. Bambancin biyun shi ne folifurofilin yana narkewa da zafi ya sake daskarewa, shi ya sa masu gyara a Fanteka ke iya liƙe tsagaggen bamba da ƙarfe mai zafi. Irin na MGB kuwa ba ya narkewa, sai dai ya ƙone.

Babban abokin gabar roba shi ne rana. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, mai tsinka waɗancan dogayen zarurruka sannu a hankali, har robar ta koɗe, ta bushe, ta riƙa karyewa. Don rage wannan ɓarna ake zuba mata garin baƙin gawayi mai tare hasken, kuma shi ya sa da yawa daga cikin bamban roba na farko baƙaƙe ne. A ƙasa mai zafin rana irin tamu, inda mota kan wuni a fili daga hunturu zuwa bazara, wannan tsufa yana zuwa da wuri. Ajiye mota a inuwa ba gata ba ne kawai, tattali ne.

Ya kamata kuma a sani cewa abin da ake gani a gaban motar zamani murfi ne kurum. A bayansa akwai soso mai tauri, a bayan soson kuma akwai sandar ƙarfe ko alminiyam da aka ɗaure a jikin motar. Ƙarfen bai tafi ko'ina ba, ɓoye shi aka yi.

Lissafin karo

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da kuzari, kuma ba zai tsaya ba sai kuzarin nan ya sami wurin zuwa. Ana lissafa shi da ɗaukar rabin nauyin abu a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudun. Alal misali, mota mai nauyin kilo 1,000 da ke gudun kilomita 8 a awa tana cin kimanin mita 2.2 a kowace daƙiƙa. Kuzarinta zai kai jul 2,400, kusan daidai da buhun siminti mai kilo 50 da ya faɗo daga tsayin mita 5.

Yanzu a ce motar ta daki bango. Idan bambanta mai tauri ne, ya lotsa da santimita 2 kacal kafin ta tsaya, matsakaicin ƙarfin bugun zai yi daidai da nauyin tan 12. Idan kuwa bamban ya lotsa da santimita 10, bugun zai sauko zuwa ƙasa da tan 2 da rabi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Kuzarin ɗaya ne, abin da ya canza shi ne tazarar da aka sha shi a cikinta. Ɗalibi na iya gwada wannan da ƙwai biyu: ya saki ɗaya a kan daɓen siminti, ɗaya a kan katifa, daga tsayi guda. Mai tsaron gida a filin ƙwallo ma da wannan ilmi yake aiki, lokacin da yake janye hannuwansa baya yayin cafe ƙwallo mai zafi.

Ashe ke nan bamban da ya fita daga karo ko ƙwarzane babu, bai hallaka kuzarin ba, miƙa shi ya yi gaba: zuwa ƙashin motar, zuwa ƙirjin direba, ko zuwa ƙafar wanda aka buge.

Abin lura na biyu shi ne, tun da gudu sau biyu yake shiga lissafi, idan ya ninka sau 10 kuzari zai ninka sau 100. Motar da ke gudun kilomita 80 a hanyar Zariya tana ɗauke da jul 240,000, kuma babu bamban da zai iya shanye wannan, na ƙarfe ne ko na roba. A irin wannan karo gaban motar gaba ɗaya ne aka tsara ya murƙushe domin ɗakin fasinja ya tsira. Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ne ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950, aka fara sayar da mota mai ita a 1959. Don haka idan aka ga motar zamani ta yi raga-raga amma mutanen ciki sun fito da ƙafafunsu, ba rashin ƙwari ba ne, aikinta ta yi.

Abin da ya shafe mu

A nan ne muhawarar ta wuce hira. Wasu masu motoci, musamman na haya da a-kori-kura, sukan je wajen mai walda a ƙera musu gadin bututun ƙarfe a ɗaura a gaban mota. Niyyarsu kare fitila da lagireto daga gogayyar babura da Keke Napep, kuma ta wannan fuska yana aiki. Amma gadin nan yana soke duk lissafin da aka yi a sama. Ba ya lotsawa, yana tattara bugu a kan siririn wuri, kuma tsayinsa yakan zo daidai ƙugun babba ko kan yaro. Bugu da ƙari, yana iya rikita na'urar da ke sanar da jakar iska lokacin buɗewa. Saboda irin wannan haɗari Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 cewa ba za a sayar da irin wannan gadi ba sai ya ci gwajin kare mai tafiya a ƙasa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Duk wanda ya ga yadda 'yan makaranta ke tsallaka titin Ahmadu Bello ko mashigar Kawo da safe ya san su wane ne waɗannan mutane a garinmu.

Kammalawa

Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya. Bamban ƙarfe ya fi daɗewa, ya fi jure rana, kuma idan ya lanƙwashe mai gyaran jikin mota zai buge shi ya miƙe. Wanda ya mallaki tsohuwar 404 ko 504 ya kyauta idan ya adana ta da ƙyallinta, domin wani yanki ce na tarihin masana'antu a Kaduna. Bamban roba kuwa ya fi sauƙin nauyi, ba ya tsatsa, kuma ya fi sassauci ga jikin ɗan Adam. Kuskuren da ya kamata malamai su gyara a zukatan ɗalibai shi ne ɗaukar tauri a matsayin kariya. Bamba ana sayen wani, ƙafar yaro kuwa ba ta da kasuwa a Fanteka. Kuma tun da kuzari yana bin ninkin gudu ne, babu kariyar da ta kai direba ya sassauta ƙafarsa daga kan totur.