Abin Da Ke Sa Sulon Mota Mai Turbo Ya Riƙa Hawa Da Sauka

Akwai wata matsala da ke damun masu ƙananan motocin fetur, musamman waɗanda aka yi wa injinsu ƙari don su ƙara gudu. Mota tana tsaye, direba bai taka totur ba, amma inji sai gurnani yake yi, ya hau ya sauko. Wannan juyawar da inji ke yi a tsaye ita makanikai suke kira sulo. Lafiyayyen inji idan ya ɗau zafi yakan juya kamar sau 700 zuwa 900 a minti ɗaya. Da sanyin safiya yakan kai 1,200 ko fiye, sannan ya sauko bayan 'yan mintoci. Wannan ba ciwo ba ne. Amma idan inji ya yi zafi, allura kuma tana yawo tsakanin 1,000 da 2,000, to akwai abin dubawa.

Ba ƙaramar asara ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023, kowa ya san darajar lita ɗaya, ga shi kuma mota tana shan mai alhali ko motsi ba ta yi ba. Idan mai canza giya da kanta ce, takan yi zillo da an sa giya, ta iya buge wanda ke gabanta.

Turbo dai wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa. Takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana ɗura wa inji iska da ƙarfi. Iskar nan ba haka kawai take shiga ba. A motoci da yawa akwai na'urar awo kusa da matatar iska, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan iskar da ta wuce. Da wannan lissafi ƙwaƙwalwa take auna fetur ɗin da za ta bayar. Daga nan iska ta bi ta turbo, ta bi ta tiyo, ta iso ƙofar totur. Idan direba ya ɗauke ƙafa, ƙofar nan tana kusan rufewa, iska kaɗan ce ke wucewa.

To a nan gizo ke saƙar. Inji ba ya iya gudu sai da iska. Saboda haka idan sulo ya yi yawa, iska tana shiga ta wani wuri da bai kamata ba. Lokacin sulo, inji yana zuƙa ne da ƙarfi a bayan ƙofar totur, don haka ko ƙaramar tsaga ce a jikin tiyo ko gasket, iska za ta kutsa. Hawa da saukar kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne. Ta ga totur a rufe amma inji yana gudu, sai ta ɗauka motar tana gangara ce, ta yanke fetur. Inji ya sauko, ta sake bayarwa, ya sake hawa. Haka za su yi ta yi.

A motar da aka yi wa ƙari, wurin farawa shi ne inda hannu ya taɓa. Wanda ya sa agogon auna ƙarfin turbo ya yanka ƙaramin tiyo ya yi masa reshe. Wanda ya canza manyan bututu ya kwance maɗaurai da yawa. Ƙarfin iskar turbo kuwa yakan ture tiyon da ba a ɗaure sosai ba, zafin inji kuma yana busar da roba har ta tsage. A buɗe bonet, a bi kowane tiyo da hannu, a kasa kunne ko za a ji ƙarar tsotsar iska. Wata dabara mai sauƙi ita ce a matse ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya, a hankali. Wanda aka matse sulo ya sauko, ta can iskar take shiga. Kada a manta da babban tiyon da ke zuwa tukunyar burki, domin idan robar cikinta ta fashe, ban da sulo har burki yakan yi tauri. Wasu makanikai suna fesa fetur a jikin inji don gano tsaga. Wannan ganganci ne, turbo yana da zafin da zai tada gobara. Garejin da ke da na'urar hura hayaƙi cikin bututu ya fi, ana ganin inda hayaƙin ke fita da ido.

Sai kuma bawul ɗin nan da samari suke so saboda ƙarar fitar iska da yake yi idan an canza giya. A injuna irin su 1.8T na Volkswagen da Audi, da na Subaru WRX, bawul na asali yana mayar da rarar iska ne cikin bututu. Idan aka sa mai zubar da ita waje, an jefar da iskar da aka riga aka auna, fetur ya yi yawa, inji ya shaƙe ko ya mutu a mahaɗar hanya. Idan kuma bakinsa ba ya rufewa sosai, sulo ba zai taɓa zama daidai ba. Gwajinsa bai da wuya: a mayar da na asali, a gani.

Idan duk wannan lafiya lau, a duba ƙofar totur da ƙaramin bawul mai kula da sulo. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna daskarewa a wurin. A wanke su, a tabbata wayar totur ba ta ɗame ba. Akwai wani ɗan kusa da ke tokare ƙofar, wanda aka daidaita tun daga kamfani. Makanikin da ya fara da murɗa shi ya ɓoye ciwo ne kawai, kuma ya ƙara wa na bayansa aiki.

Zafin inji ma yana da hannu. A ƙasar nan an saba cire tamostat, wato bawul mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai don kada mota ta yi zafi. Injin da ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa kamar yanzu aka tada shi, sai ta bar sulo a sama. Haka ma idan na'urar auna zafin ruwa ta lalace, ko ruwan lagireto ya yi ƙasa.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa sama suna da wurin jona kwamfutar bincike a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga wajen 2001. Lamba P0507 tana nufin sulo ya wuce ƙa'ida, P0171 kuma tana nufin iska ta rinjayi fetur. Lambar tana nuna inda za a duba ne, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Idan an sa manyan nozul ko turbo da ya fi na asali girma, dole a sake daidaita ƙwaƙwalwar, wanki ba zai yi magani ba.

Kafin a gano matsalar, direba ya guji take totur har ƙasa. Idan fetur ya gaza lokacin da turbo ke turo iska da ƙarfi, zafi yakan yi yawa a cikin inji har fistin ya narke, aikin da tiyo ɗaya zai raba ya koma sauke inji.