Rumbu a Kulle, Kasuwa a Buɗe

Masoyan kiɗan rock suna da wani ƙorafi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kamfani ya ɗauko faifan da suka riga suka saya, ya wanke sauti, ya sake kwali, ya ƙara kuɗi, alhali abin da suke ta roƙo yana can a rumbu an danna masa kwaɗo.

Ɗauki Pink Floyd. Kundinsu The Dark Side of the Moon ya fito a 1973, aka sake fito da shi a 1993, da 2003, da 2011, da 2023. Wanda ya buɗe babban akwatin 2011 ya tarar da ƙwallayen gilashi irin na wasan yara, da gyale, da abin ɗora kofi, ban da faya-fayan. Mutum ya zo neman waƙa an haɗa shi da tarkace, kuma shi ya biya kuɗin tarkacen.

Na Beatles ya fi ciwo. A Janairun 1967 suka naɗi wani kiɗa mai suna "Carnival of Light", minti 13 da ɗoriya, domin wani biki a Landan. Daga bikin nan shiru kake ji. Ɗan ƙungiyar Paul McCartney ya so a saka shi cikin kundin Anthology 2 a 1996, abokin kiɗansa George Harrison ya ƙi. 'Yan ƙalilan da suka saurara sun ce ihu ne da hayaniya da amsa-kuwwa, babu wani amo da za ka bi. Wannan bai rage wa masoya kwaɗayi ba ko kaɗan. Ni dai ina zargin ranar da aka sake shi, sau ɗaya za su ji su ajiye.

Magiya ba ta cika buɗe rumbun ba, doka ce ke buɗe shi. A Tarayyar Turai, naɗin da ya shekara 50 ba a fitar da shi ba, haƙƙin mallakarsa ya tafi. Shi ya sa a ƙarshen 2012 kamfanin Sony ya buga tsofaffin naɗe-naɗen Bob Dylan na 1962, kwafi kusan 100 kacal, ya kai wasu 'yan shaguna a Turai. Ko kunya babu, a jikin kwalin aka rubuta cewa don tsawaita haƙƙin mallaka aka yi shi. A Disamban 2013 su ma Beatles suka zuba naɗi 59 na shekarar 1963 a iTunes, ba ganga ba shela.

Wani lokacin kuma ɓarawo ne ke buɗewa. A 2019 aka sace wa Radiohead naɗin kusan awa 18 na zamanin da suke haɗa kundinsu OK Computer, ya bazu a intanet. Sai suka sa shi kasuwa da kansu, fam 18, na tsawon kwana 18, kuɗin suka ba masu fafutukar kare muhalli. Mawaƙinsu Thom Yorke da kansa ya gargaɗi masu saye cewa abin ba wani daɗi gare shi ba.

Wani rumbun kuwa sai bayan dogon jira yake buɗuwa. Kundin Smile na Beach Boys, da aka watsar a 1967, sai 2011 asalin naɗinsa ya fito. Shekara 44 ke nan.

Akwai kuma rumbun da ba zai sake buɗuwa ba. A ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta cinye wata ma'ajiya a harabar kamfanin Universal da ke Kalifoniya, inda aka tara asalin kaset-kaset na mawaƙa masu ɗimbin yawa. A lokacin an nuna kamar asarar kiɗan ba ta taka kara ta karya ba. Sai a 2019 jaridar New York Times ta tono zancen, kamfanin ya ce an zuzuta, wasu mawaƙan suka garzaya kotu. Shekara 11 masoya na ta rubuta wasiƙun roƙo, wani abin da suke roƙon tuni ya zama toka.