Sabuwar Dokar Haya a Saudiyya: Abin da Ya Shafi 'Yan Uwanmu na Madina

Da yawanmu muna da 'yan uwa a Madina, ɗalibai da ma'aikata, masu zaman gidan haya. Ga abin da ya canza musu.

Bayan 'yan haya sun daɗe suna kukan tsadar gidaje, musamman a Riyad, gwamnatin Saudiyya ta fitar da sababbin ƙa'idoji ranar 25 ga Satumba 2025, bisa umarnin Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman. A Riyad an hana ƙara kuɗin haya har shekara 5. Hanin bai haɗa da Madina ba, amma an ba hukumar kula da gidaje damar kai shi wasu birane.

Abin da ya shafi kowane birni shi ne: yarjejeniyar haya tana sabunta kanta, sai dai in mai gida ko ɗan haya ya sanar da ɗayan kwana 60 kafin wa'adi ya cika. Ke nan ba a wayi gari kawai a ce mutum ya kwashe kayansa.

Hujjar ɗan haya ita ce rajistar yarjejeniyar a manhajar gwamnati ta Ejar. In mai gida bai yi ba, ɗan haya na iya nema da kansa.

Mu a Ghana mun san doka ba ta bin kanta: ta 1963 ta hana karɓar kuɗin haya gaba fiye da na wata 6, amma har yau ana karɓar na shekara 2. Saboda haka mu kira namu na Madina, mu tambaye su ko takardarsu tana Ejar.